Inji biyu, masu bin bashi huɗu: musunmu a kan matsakaitan jiragen bam na farkon yaƙin Hitila

Akwai wani abokina da muka daɗe muna musu da shi a kan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, shi ɗan ga-ni-kashe-nin Heinkel He 111 ne, jirgin bam ɗin Jamus, ni kuma duk sanda ya tado zancen sai in ce masa Malam ka fara faɗa min aikin da za a tura jirgin tukuna, da rana ne ko da dare, da 'yan rakiya ko shi kaɗai, sannan mu zo maganar wanda ya fi. Shi abin da yake yi shi ne ya jero lambobi, wannan yana gudun kilomita kaza, wancan yana ɗaukar tan kaza, sai ya ja layi yace ga zakara. To lambobin nan ba ƙarya ba ne, amma akwai ha'inci a ciki, don gudun da ake rubutawa galibi na jirgin da ba lodi ne, lodin da ake rubutawa kuma na tafiyar kusa ne. Kamar direban tirela ne yace maka motarsa tana ɗaukar buhu ɗari shida kuma tana taka ɗari da ashirin, eh tana yi, amma ba a tafiya ɗaya ba.

Shi dai matsakaicin jirgin bam ba shi da wata ƙa'ida tsayayya, kowace ƙasa da irin mudunta, amma a dunƙule jirgi ne mai farfela da inji biyu (Italiya ta kan sa uku), mutum huɗu zuwa shida ko bakwai a ciki, yana ɗaukar bam daga tan ɗaya zuwa biyu. Abin da ya kamata mutum ya riƙe shi ne a 1939 injin jirgi mai kyau ƙarfinsa wajen doki dubu ɗaya ne, ko ya ɗan ɗara ko ya ɗan gaza. Inji biyu doki dubu biyu ke nan, wannan shi ne duk jarin injiniya, kuma masu bin sa bashi huɗu ne suna tsaye a ƙofa: gudu, lodin bam, nisan zango, sai kariya wato sulke da bindigogi da tankin da ba ya kamawa da wuta. Ba yadda za a yi ya sallame su duka. Duk kilo ɗaya na sulke da ya ɗora, kilo ɗaya na fetur ko na bam ya sauke. Saboda haka ni in na kalli kowane jirgi a cikinsu abin da nake nema shi ne wa aka cinye wa kuɗi a cikin huɗun nan, kuma me ya sa ƙasar ta ga shi ne za a iya cinye wa a kwana lafiya.

Kusan dukkansu an zana su ne tsakanin 1932 da 1936, kuma wannan ɗan tsakanin shi ya yaudari kowa. A lokacin ƙananan jiragen farauta masu kakkaɓo jirgi har yanzu masu fiffike biyu ne sama da ƙasa, matuƙi kansa a waje iska na dukansa, bindiga biyu ƙanana, su kuwa jiragen bam sun riga sun koma fiffike ɗaya, bodin ƙarfe sumul, taya tana naɗewa ciki. Sai ya zama na ɗan lokaci mai ɗauke da bam ya fi mai korarsa gudu. A 1935 kamfanin Bristol ya ƙera wa Lord Rothermere mai jarida wani jirgin fasinja, da aka gwada shi sai aka ga ya tsere wa jiragen farautar sojan Ingila da wajen kilomita 80 a awa, daga shi aka fitar da Blenheim. Tun a 1932 ma Stanley Baldwin ya tsaya a majalisar Birtaniya yace jirgin bam ko ta yaya sai ya wuce, ba mai tare shi, kuma manyan hafsoshi da yawa sun hau kan wannan magana sun zauna. Yaƙin basasar Sifaniya ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, Tupolev SB na Rasha ya shigo ƙarshen 1936 yana barin jiragen Janar Franco, jagoran ɗaya ɓangaren, a baya, He 111 da Do 17 na Jamus da SM.79 na Italiya su ma suka zo suka yi ta shiga suna fita ba asara mai yawa, sai Jamusawa suka koma gida da darasin cewa mashinga uku ta isa jirgi. Abin da ba a lissafa ba, a shekarun nan dai sabbin jiragen farauta, Bf 109 na Jamus da Hurricane da Spitfire na Ingila, suka fara tashi, sannan ga na'urar rada mai hango jirgi tun daga nesa. Kafin 1940 jirgin farauta yana taka kilomita 550 a awa zuwa sama, na bam yana fama da 400 zuwa 450, jarin da aka zuba a gudu ya narke.

Mu fara da na abokin nawa. He 111 ya fara tashi a Fabrairun 1935 da rigar jirgin fasinja, don a lokacin yarjejeniyar ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta hana Jamus jiragen yaƙi, har kamfanin jiragen fasinja na Lufthansa ya yi jigila da wasu. Jirgi ne mai sauƙin tuƙi, mai faɗin fiffike, mai haƙuri da duka, akwai waɗanda suka koma Faransa daga Ingila da huji ɗaruruwa a jiki, kuma tankunansa an naɗe su da wata roba wadda in harsashi ya huda fetur ya taɓa ta sai ta kumbura ta toshe hujin, abin da 'yan Ingila ba su da shi a farkon yaƙin. Tan biyu yake ɗauka a ciki, nan ya yi kyau. Amma ka leƙa cikin cikin nasa ka ga abin mamaki, bama-baman a tsaye ake jera su cikin ramuka takwas, hanci sama wutsiya ƙasa, in aka sake su sai su faɗo da baya su wuntsila kafin su daidaita, kuma ramin ba ya cin abin da ya wuce kilo 250, duk bam ɗin da ya fi haka sai dai a rataya shi a waje, shi ke nan iska ta samu abin riƙewa gudu ya ragu. Bindigar kuma MG 15 ce da ake juyawa da hannu, gwangwanin harsashinta 75 ne kacal, daƙiƙa huɗu zuwa biyar ya ƙare sai ka tsaya canzawa, Spitfire kuwa mai bindiga takwas yana bayanka ba jiranka zai yi ba. Kwandon da mai bindigar ƙasa ke kwanciya a ciki rubda ciki, su kansu sojojin gadon mutuwa suke ce masa.

Do 17 ba zan daɗe a kansa ba. Fensir mai tashi ake ce masa saboda sirantaka, matuƙa suna sonsa don yana jin sitiyari musamman a ƙasa-ƙasa, injinsa mai sanyaya da iska ne ba ruwan lagireto da za a huda, amma tan ɗaya kawai yake ɗauka kuma da wannan lodin ba ya nisa. Ran 18 ga Agustan 1940 guda tara suka shigo filin jirgin Kenley a Ingila suna shafar rufin gidaje, huɗu ba su koma ba, sauran ma da rauni suka koma. A shekarar aka daina ƙera shi.

Ju 88, na ukun jiragen Jamus, shi ne labarin da ya fi ban sha'awa, don shi sai da aka ɓata shi sannan ya gyaru. Asali an so shi ne ya zama jirgin da gudu kaɗai zai kare, ya fara tashi a Disambar 1936 kuma da gaske yana gudu. Sai su Ernst Udet, manya a sojan saman Jamus, masu son jirgi ya riƙa kai sura kamar shaho suka ce dole shi ma ya iya sulmiyowa daga sama ya saki bam, aka ƙara masa ƙarfin fiffike, aka sa masa birkin iska, aka ƙara mutum da bindigogi, nauyi ya kusa ninkawa, gudu ya faɗo zuwa wajen 450, aiki ya yi ta jinkiri har yaƙi ya fara da ƙyar akwai 'yan kaɗan a hannu. Amma wannan ƙarfin bodin da aka tilasta masa shi ya zama arzikinsa daga baya, ya zama jirgin da in ya sauke lodi ya sunkuyar da kai ko Spitfire sai ya yi da gaske, kuma duk aikin da aka ba shi yana ɗauka, ya kai wa jiragen ruwa hari, ya yi leƙen asiri, aka cika hancinsa da igwa da rada ya koma farautar jiragen Ingila da dare. Sama da 15,000 aka ƙera. Aibinsa biyu ne a wurina, manyan bama-bamai duk a waje suke rataye, sannan mutum huɗun an cusa su wuri ɗaya a gaba kafaɗa da kafaɗa wai don su ƙarfafa wa juna zuciya, to in aka zo musu ta gaba ruwan harsashi ɗaya ya ishe su gaba ɗaya.

Kuma duk ukun nan an yi su ne don yaƙin maƙwabta, su share wa sojan ƙasa hanya a Poland da Faransa, a nan kam sun yi aikinsu. Janar Walther Wever da ke tura maganar manyan jirage masu inji huɗu ya mutu a haɗarin jirgi a 1936, aka ajiye shirin, He 177 da aka sa rai zai gaje su kuma injinsa ya yi ta kamawa da wuta. Shi ya sa He 111 ya tsufa a bakin aiki har 1944, ba don ya fi kowa ba sai don ba magaji, har dakon abinci ya yi wa sojojin Jamus da aka yi wa ƙawanya a Stalingrad ta Rasha. Wannan ita ce maganar da abokina ba ya son ji.

Ingila kuwa takarda ɗaya gwamnati ta fitar a 1932 tana neman jirgi, kamfani biyu suka amsa ta hanya biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan, kuma ni a nan nake ganin kwatance ya fi daɗi don buƙata ɗaya ce, inji ma iri ɗaya ne, Bristol Pegasus. Handley Page suka yi Hampden, suka matse bodin har faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, suka ƙi sa kejin bindiga mai nauyi, jirgi ya fito da gudu sama da 400 da lodi wajen kilo 1,800, a takarda ya fi ɗan'uwansa kyau. Sojoji suka sa masa suna akwati mai tashi. Ka ƙaddara awa takwas ko tara kana zaune a wurin da ba ka iya miƙe ƙafa, ga sanyi, kuma in aka harbi matuƙi, janye shi daga kujera wani ya karɓi tuƙi aiki ne ja. Ran 29 ga Satumban 1939 aka tura goma sha ɗaya wajen tsibirin Heligoland na Jamus, rukuni ɗaya mai jirgi biyar ko ɗaya bai dawo ba. Kafin ƙarshen 1942 an cire shi daga kai hari Jamus, 1,430 kawai aka yi.

Vickers su kuma suka yi Wellington da dabarar Barnes Wallis, wato maimakon a yi bodi da fallen ƙarfe sai aka saƙa sirran sandunan alminiyam suna gicciye da juna kamar saƙar kwando, aka lulluɓe da yadin lilin aka shafe da fenti mai ɗaure shi. Ka ji kamar wasa, jirgin yaƙi da rigar yadi. Amma ita saƙar kwando in ka yanke zare goma sauran suna raba nauyin a tsakaninsu, shi ya sa akwai hotunansa da yawa ya sauka gida yadin baya duk ya ƙone ana hango ƙasusuwan, kuma ya sauka lafiya. Ba shi da gudu, wajen 380 ne, sai dai yana ɗaukar tan biyu, yana nisa, kuma yana da kejin bindiga mai juyawa da ƙarfin inji a hanci da wutsiya. Kejin nan su suka sa hafsoshin Ingila suka yarda cewa in Wellington suka jeru a sahu suna kare juna ba sa buƙatar rakiya ko da rana tsaka.

Ran 18 ga Disambar 1939 aka gwada. Guda 24 suka tashi, 22 suka isa Wilhelmshaven, tashar jiragen ruwan yaƙin Jamus, sama tas ba gajimare, radar Jamusawa ta riga ta gan su. Ko bam ɗin ma ba su saki yadda aka so ba don jiragen ruwan suna jingine da gari kuma an ba su oda kar su taɓa farar hula. A hanyar komawa jiragen farauta Bf 109 da Bf 110 suka far musu, suka gane cewa kejin gaba da na baya ba sa juyowa sosai zuwa gefe, sai suka riƙa zuwa ta haƙarƙari suna harbin fiffike inda tankin fetur yake ba robar toshewa. Sha biyu suka halaka. Daga wannan rana kusan a iya cewa Ingila ta haƙura da kai manyan hare-hare Jamus da rana, ta koma dare, Jamus ma bayan ta sha nata a sararin Landan a Satumban 1940, inda Bf 109 mai rakiya mintoci kaɗan yake iya yi kafin mai ya ce masa juya, ita ma dare ta koma. To da aka koma dare sai duk teburin lambobin ya kife, gudu ya rage daraja, abin da ake nema yanzu jirgin da zai yi nisa, ya ɗauki lodi, ya samu wurin da mai duba hanya zai baje taswira, kuma ya dawo. Nan Wellington ya samu kasuwarsa. Ko da yake gano inda za a jefa bam ɗin ma wata masifa ce, binciken da aka yi a Agustan 1941 wanda ake kira rahoton Butt ya nuna cikin jirage uku da suka ce sun kai hari ɗaya ne kawai ya zo kusa da wurin da kilomita takwas. A wannan fannin Jamusawa sun riga su, suna da siginar rediyo da ke jan jirgi har kan gari, da ita He 111 suka jagoranci ƙona Coventry ran 14 ga Nuwamban 1940.

Akwai labari ɗaya da nake ba duk mai raina rigar yadin nan. A daren 7 ga Yulin 1941 wani Wellington yana dawowa daga Münster, jirgin farautar dare ya harbe shi, wuta ta kama fiffiken dama kusa da inji. Mataimakin matuƙin, Saje James Ward ɗan New Zealand, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya fita ta wata 'yar ƙofar gilashi da ke saman jirgin, cikin duhu, a sama da teku, iska na neman fizge shi, ya riƙa naushi da shurin yadin yana huda shi yana samun wurin sa hannu da ƙafa a jikin saƙar, a haka ya rarrafa har wurin wutar ya danna mata tamfol. Jirgin ya kai gida. A bodin fallen ƙarfe ina zai samu abin kamawa? An ba shi lambar Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta Birtaniya, bayan wata biyu kuma ya mutu a wani harin a Hamburg yana da shekara 22. Wellington dai shi ne jirgin bam da Ingila ta fi ƙerawa, sama da 11,400, kuma a harin jirage dubu na farko da aka kai Cologne ƙarshen Mayun 1942 fiye da rabi shi ne.

Shi Blenheim da ya fara ruɗa kowa da gudu, ƙaramin jirgi ne ma in an bi gaskiya, kilo 450 kawai yake ɗauka, kuma shi ya fi kowa biyan kuɗin wancan kuskuren. Ran 17 ga Mayun 1940 runduna ta 82 ta tura sha biyu Beljiyam, ɗaya ya dawo. Aka sake haɗa rundunar, a Agusta aka tura ta Aalborg a Denmark, aka sake rasa sha ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ba a yi musu adalci in ana wannan hira. PZL.37 na Poland a takarda ya fi He 111 ɗaukar kaya, sama da tan biyu da rabi, ga gudu, amma 36 ne kawai ke bakin daga ranar da yaƙi ya fara, kuma daga filayen ciyawa suke tashi inda ba su isa su cika lodi ba. LeO 451 na Faransa yana kusan 480, ya fi duk na Jamus gudu, har da igwa a bayansa, sai dai kaɗan ne suka shirya a Mayun 1940 kuma aka riƙa tura su ƙasa-ƙasa kan tankokin yaƙi ba rakiya, aikin da ba don shi aka yi su ba. SB ɗin Rasha da ya yi tashe a Sifaniya kuwa, a Yunin 1941 kakkaɓe su aka riƙa yi kamar ana girgiza mangwaro.

Sai biyun da suka je ƙarshen layi, kowanne ta nasa gefen. SM.79 na Italiya inji uku ne saboda injinan Italiya ba su da ƙarfi, kowanne bai kai doki 800 ba, sai a cike da yawa. Katako ne da bututun ƙarfe da yadi, yana da wani tudu a bayan matuƙi inda bindiga take, shi ya sa ake ce masa la'anannen mai doro. A 1937 ya cinye na ɗaya da na biyu da na uku a tseren Istres zuwa Damaskas zuwa Paris, Musolini ya yi ta taƙama. Amma a matsayin mai jefa bam daga sama matsakaici ne ƙwarai, injin tsakiya ya cinye hancin da mai saiti zai zauna, lodi bai fi kilo 1,200 da ɗan wani abu ba. Inda ya samu kansa shi ne da aka rataya masa tofido, bam ɗin nan mai gudu a cikin ruwa, aka ce ya bi jiragen ruwan Ingila a Bahar Rum yana shafar ruwa, a 1940 kaɗai ya raunata jiragen ruwan yaƙi Kent da Liverpool da Glasgow. Wato shi ma aikin da ya yi suna da shi ba shi aka zana shi ya yi ba.

Japan kuwa ba ta ɓoye wanda ta cinye wa kuɗi ba. Tekun Fasifik faɗi gare shi, sojan ruwanta suka ce suna son jirgi mai inji biyu da zai yi tafiyar da ta haura kilomita 4,000, injiniyan Mitsubishi Kiro Honjo ya ba su G4M ta hanya ɗaya da ta rage, ya mai da cikin fiffiken kansa tankin fetur, ba roba, ba sulken kirki. Ran 10 ga Disambar 1941 wannan caca ta ci, G4M da yayansa G3M suka taso daga wajen Saigon suka nutsar da manyan jiragen ruwan yaƙin Ingila Prince of Wales da Repulse a gaɓar Malaya, a nisan da 'yan Ingila ba su zaci jirgi mai tofido zai kai ba, jirage uku kawai aka harbo musu. Bayan wata biyu, ran 20 ga Fabrairun 1942, guda 17 suka fita daga Rabaul ba rakiya suna neman jirgin ruwan Amurka mai ɗaukar jiragen sama Lexington, 15 suka halaka. Jirgi ɗaya ne fa, bambancin kawai ranar farko ba jiragen farauta a sama, rana ta biyu akwai. Su Japanawa sigari suke ce masa saboda siffarsa, aka kuma yi masa laƙabi da laita mai kamawa a ƙyastawa ɗaya. A cikinsa aka harbo Admiral Yamamoto, babban kwamandan jiragen ruwan Japan, a Afrilun 1943.

Masu kawo B-25 da B-26 na Amurka cikin wannan musu kuwa ina ce musu ba a haɗa kokawar yaro da ta wanda ya girme shi da kaka biyar. An zana su a 1939 zuwa 1940, injinansu doki 1,700 zuwa 2,000 kowanne, jarin ya kusa ninkawa, dole su biya masu bashi fiye da na baya, ga manyan mashinga ga sulke. Duk da haka da aka tura B-26 ƙasa-ƙasa ba rakiya zuwa IJmuiden a Holan a Mayun 1943, goman da suka tsallaka teku ko ɗaya bai dawo ba.

In aka matsa min sai na zaɓa, ga inda na tsaya. In ni ne mai sayen jirage wa ƙasa a 1940 kuma iri ɗaya za a ba ni, Ju 88 zan ɗauka, don duk inda yaƙin ya juya yana da abin yi. In kuwa ni ne za a saka a ciki a ce in je in dawo, wallahi Wellington zan shiga, da dare. He 111 na uku, kuma ba raini ba ne. Abokina yace son kai ne, nace eh, ran nawa ne.

Wani abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne wasu daga jiragen nan sun sha ƙurar Kano. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940 Faransa kuma ta faɗi, Bahar Rum ta zama hanya mai haɗari, Wellington yana iya kai kansa Masar ta Jibralta da Malta saboda dogon zangonsa, amma ƙanana ba za su iya ba. Sai aka riƙa kawo su a akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a haɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena, El Geneina, El Fasher, Khartum har Alƙahira, kusan kilomita 6,000. Hanyar ta yiwu ne don gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a Agustan 1940, Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa da ta sallama wa Jamus. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, Blenheim ɗaya a gaba Hurricane shida na biye, don shi ke da mai duba hanya da rediyo, wato jirgin da ya kasa kare kansa a Turai ya zama madugu a nan. Jirage sama da 5,000 suka bi layin, daga baya B-25 ɗin Amurka ma ta nan suka wuce zuwa Masar a 1942.

Jamusawa sun san da hanyar, kuma a Janairun 1942 wani Theo Blaich, wanda ya taɓa zaman noma a Kamaru, ya shawo kan manyansa suka ba shi He 111 guda ɗaya tak. Suka sauka a wani fili a can kudancin Libiya da ake kira Campo Uno, wani jirgin Italiya ya biyo su da fetur, suka cika tanki suka ɗauki ƙananan bama-bamai 16 masu kilo 50, wato kilo 800 ke nan a jirgin da littafi ya ce tan biyu, sauran nauyin duk mai ne. Suka ratsa sahara suka ɓullo Fort Lamy da rana ba wanda ya zata, suka ƙona ma'ajiyar fetur ɗin filin jirgin suka juya. A hanyar komawa mai ya ƙare, suka sauka a tsakiyar rairayi, suka yi kusan mako suna lallaɓa ɗan ruwan da ya rage kafin wani jirgin leƙen asirin Italiya ya hango su, sannan jirgin dakon Jamus Ju 52 ya kawo musu fetur, suka zuba, Heinkel ɗin ya tashi daga inda ya sauka ya koma arewa.